Kawuna ya shiga lis ɗin ƙaramar jam'iyya a zaɓen majalisar jiha, gidanmu ya rabu biyu

Lawali Garin Malam: Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, manya da ƙanana barkanku da dare. Malam Habu a yi mini izini, na san dokar gidan nan ba a tallar jam'iyya, don haka ba zan kama suna ba kuma ba zan sa hoto ba, shawara kawai nake nema don abin ya tsaya mini a rai. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, mushe ne, wato malamin makaranta, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alli a ƙauyukan Mirya har ya ajiye aiki, to shi ne ya yarda aka sa sunansa a lis, wato jerin ƴan takara, na wata ƙaramar jam'iyya a zaɓen majalisar jihar Damagaram ta Nijar na ran Lahadi 13 ga Disamban 2020. Jam'iyyar nan gaskiya in ka fita ƙasar Damagaram ba mai saninta, biro ɗinsu ɗaki ɗaya ne da benci biyu, ko ɗan takarar shugaban ƙasa ba su da shi, su dai jiha suka sa gaba. Yayana kuma yana cikin ɗaya daga cikin manyan, tun ranar da aka liƙa sunaye bai ƙara zuwa gaida Kawu ba, yana cewa an zo raba ƙuri'ar gida ne kuma duk wanda ya jefa musu ya zuba ƙuri'arsa a rijiya. Inna tana tsakiya, ɗa a nan ƙane a can, jiya da dare na same ta zaune da tuwo gabanta ta kasa kai loma. Ni zuciyata na wajen Kawu amma ba na so in bi son rai. Don Allah masu sani, ƙuri'ar da aka ba ƙaramar jam'iyya a irin wannan zaɓe asara ce ko ba asara ba ce?

Malam Habu (admin): Wa alaikumussalam Lawali. An yarda, tunda ba talla ba ce. Jama'a a yi magana da ladabi, ba zagi, ba sa hoton ɗan takara. Tarihi a kama suna ba laifi.

Bashir Magarya: Lawali ɗan'uwa zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Yayanka ya fi ka hujja. Jam'iyyu a ƙasar nan sun haura ɗari, guda nawa ka taɓa gani sun gina ko aji ɗaya? Da yawansu jaka ce da hatimi, mutum ya buɗe ya zauna jiran zagaye na biyu ya kai caffa wajen wanda zai ci a ba shi minista ko darakta shi ke nan magoya baya a manta da su. Kuɗi suna Yamai, gwamna daga Yamai ake naɗo shi, perfe ma haka. In kana so a ji kukan Damagaram ka shiga motar da za ta kai Yamai. Kawunka mutumin kirki ne na yarda ko ban san shi ba, amma kirki ba ya cika akwati.

Mushe Iliya: Bashir akwai gaskiya cikin maganarka amma ka haɗa zaɓe biyu da ba iri ɗaya ba ne. Zaɓen shugaban ƙasa na ranar 27 ga Disamban 2020 kujera ɗaya ce, mutum 30 kotun tsarin mulki ta yarda su tsaya, ɗaya ne zai zauna sauran su koma gida. Na majalisar jiha ba haka yake ba, lis ake zaɓe ba mutum ɗaya ba, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane lis ya samu. Bari in sauƙaƙa da misali irin na allo, ka ce kujera 10 ce, ƙuri'a 10,000 aka jefa, to kusan kowace 1,000 kujera ɗaya ke nan, wanda ya samu 2,300 ya tashi da biyu ko da shi ne na huɗu. Abin da ya yi saura akwai lissafin da ake yi kuma lissafin ya ɗan fi taimakon manya, wannan ban ɓoye ba. To inda asarar take shi ne in lis bai kai kason kujera ɗaya ba. In ya kai, ƙuri'arka ta zama mutum mai baki zaune cikin zaure. Kuma ka sani waɗannan konseye ɗin, wato ƴan majalisar da aka zaɓa, su ke zaɓen shugaban majalisar jiha a tsakaninsu, ba mu ba. In manya biyu suka yi kunnen doki mai kujera biyu ko uku shi ake bi har gida.

Bashir Magarya: To ai nan ne matsalar Mushe, "shi ake bi har gida". Da me ake bin sa? Da ambulan ɗin kuɗi.

Mushe Iliya: Zan dawo kan wannan, tambaya ce mai nauyi. Bari Hajiya ta gama rubutu na ga tana ta bugawa.

Hajiya Rabi Zango: Sallama gare ku ƴaƴana da ƙannena. Ni ban iya lissafin Mushe ba, tambayata ɗaya ce, ruwa. Ina da shekara hamsin da shida, tun ina amarya nake tashin dare saboda ruwa har yau ga jikoki ina tashi. In bazara ta kama, ƙarfe uku na dare zan tashi in kunna pampo in kara kunne in ji ko yana huci, in ya fara ɗiga sai in jera bidon da bokiti da tukwane har tulun da na gada wajen uwata, wani dare kafin a cika uku ya ɗauke. Da safe sai ƴan ga-ruwa, su ma bayin Allah daga nesa suke turo kura ba ka iya cewa sun yi tsada. An buɗe matatar mai a 2011 can hanyar Tanut muka yi guɗa, an yi Zinder Sabuwa a 2018 an yi kwalta an sa fitilu, na gani da idona ba zan yi butulci ba, amma fitila ba ta dafa tuwo. Kowane zaɓe manya sun zo sun ce ruwa, mun sa anko mun tafa. To Lawali ka tambayar mini kawunka, in ya shiga zauren nan yana da ikon kawo ruwa ko ba shi da shi? In ba shi da shi ya faɗa mini gaskiya, zan fi ganin girmansa.

Mushe Iliya: Hajiya Allah ya ƙara girma. Kafin Lawali ya tambayo bari in faɗi abin da na sani. Ruwan pampo na cikin gari, wanda ake jawowa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, wannan babban aiki ne na gwamnatin tsakiya, majalisar jiha ba ta da aljihun da za ta ɗauke shi, duk wanda ya ce miki zai yi shi da kujerar konseye bai gaya miki daidai ba. A 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa wa jihohi da kwaminoni wasu ayyuka a fanni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Firamare ta koma wajen kwamin, sakandare wajen jiha, haka rijiyoyin makiyaya. A takarda an miƙa aiki, amma kuɗin da zai bi aikin ya yi ta jan ƙafa, mu da ke cikin aji mun sani. Abin da majalisa ke iyawa shi ne tsara shirin raya jiha, zartar da kasafinta, da kuma buɗe baki da sunan jiha gaba ɗaya. Sannan akwai dokar da ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga mai da ma'adinai a mayar wa yankunan da abin ya shafa. Ɗanyen man daga Agadem yake zuwa a jihar Difa, tacewa a nan ake yi. Wa ke tashi cikin zaure ya ce nawa suka shigo bana, nawa suka maƙale, ina aka kai su? Konseyen da jam'iyyarsa ke mulki yana jin nauyin uban gidansa. Na babbar adawa wani lokaci hankalinsa na kan Yamai. Wanda ba shi da kowa a Yamai shi ne ba ya asarar komai in ya tambaya. Ni a nan nake ganin amfanin ƙanana.

Sanusi Kabu-kabu: Salam. Ni zan ba da shaida don na ga tsohon da idona, Lawali ashe kawunka ne. Ran Talata da la'asar ya zo fadarmu shi da mutum biyu cikin wata tsohuwar mota sai da muka tura ta lokacin tahiya. Mu kam mun saba, in kamfe ya zo ana ba mu jika biyu da litar isansi da riga mu yi jerin gwano muna oda har dare, gobe wasu su zo mu cire riga mu sa wata, ba ɓoyo, talauci ne. Shi da ya zo ya cire takalmi ya zauna kan tabarma ya sha shayi na ɗaya da na biyu har na uku bai yi maganar ƙuri'a ba, tambaya yake ta yi, kai aji nawa ka bari, mi ya sa ka bari, nawa kake kai wa mai babur kullum. Wani yaro cikinmu ya ce Baba mi ka kawo muna, ya ce ɗana ban kawo komi ba, bijimina ɗaya na saida shi na buga takardu. Wlh sai fadar ta yi tsit. Ashe biyu cikinmu ya koyar da yayyensu a ƙauye. Ban ce duk za su jefa mishi ba, wasu sun riga sun ci kuɗin wasu, amma har yau ana zancensa.

Bashir Magarya: Sanusi labarin ya taɓa ni wallahi, amma fada nawa ce a Damagaram? Daga Dungas zuwa Tasker, daga Belbeji zuwa Gure, da mota ɗaya da ake turawa? Jihar nan ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar.

Baba Mutari Birni: Lahiya lau ƴaƴana. Jikana ke rubuta mini ina faɗa. Bashir kai yaro ne a 1993 ko ba a haife ka ba, bari in ba ka abin da na gani. Lokacin da aka kafa CDS Rahama abokan hamayya cewa suke jam'iyyar Damagarawa ce, ba ta ƙetare Maraɗi. MNSD ita ce giwa, ita ta gaji gwamnati, ita ke da motoci. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa marigayi Baba Tandja na MNSD, Allah ya jiƙansa da rahama yau ko sati biyu ba a yi da rasuwarsa ba, shi ya zo na ɗaya, Nafarko, wato Mahaman Usman na CDS, na biyu. Sai ƙawancen AFC na masu adawa da MNSD ya haɗu a bayan Nafarko, Mahamadu Isufu da PNDS, da Mumuni Adamu Jarmakwai da ANDP Zaman Lahiya wadda ƙarfinta kusan duk a Doso yake. Jarmakwai na huɗu ya zo, amma ba don ƙuri'unsa ba da lissafi bai cika ba, kuma shi ya zama shugaban majalisar dokoki. Ranar da aka faɗi sakamako cewa Nafarko ya ci ni ina ƙofar gidan Sarki, garin nan bai yi barci ba, tsofaffi na kuka suna cewa tun da Nasara ya ɗauke babban birni daga nan ya kai Yamai a 1926 sai yau. To wannan rabin labari ne. Rabin na biyu, ƙawancen nan bai yi shekara biyu ba ya watse, Isufu ya ajiye firaminista a 1994, aka sake zaɓen depite aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu, ran 27 ga Janairu 1996 soja suka karɓa. Abin da ya haɗa su kada giwa ne kawai, ba su zauna sun rubuta abin da za su yi wa talaka in ta faɗi ba. Don haka Lawali, ƙanƙantar jam'iyya ba ta dame ni ba, na ga ƙarami ya naɗa sarki. Ka tambayi kawunka in an zo neman kujerunsu, a kan mi za su bayar.

Alhaji Sale Kantin Kwari: Baba Mutari ranka ya daɗe, ka tuna mini da namu na nan. Ni ɗan Sabon Garin Damagaram ne amma tun ina saurayi nake Kano, rufe bodar da aka yi a 2019 ma ya hana ni zuwa gida yadda na saba, fiye da shekara ke nan. A 1979 ina yaron shago na ga PRP ta Malam Aminu Kano. A faɗin Najeriya ƙarama ce, NPN ke da ƙasa, amma ta ci gwamna biyu, Abubakar Rimi a Kano, lokacin har da Jigawa a ciki, da Balarabe Musa a Kaduna wanda Allah ya yi wa rasuwa a Nuwamban 2020, Allah ya gafarta masa. Rimi yana hawa ya soke haraji da jangali, talaka ya ji a jikinsa. Amma ku dubi Kaduna, gwamna na PRP majalisa ta NPN, suka ƙi amince masa da kwamishinoni har suka tsige shi a 1981. A Kano kuma jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, ƴan gida ɗaya ba sa ga maciji. Har yanzu akwai APGA da ke riƙe da Anambra tun 2006 alhali a wajen ƙasar Ibo ba ta da wani ƙarfi. Sai dai a lura, gwamnan Najeriya zaɓensa ake kuma kasafi na hannunsa, namu na Nijar naɗi ne, to kar a ɗauka abu ɗaya ne. Kuma a nan watan Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 a rana ɗaya saboda ba su ci komai ba. Ƙaramar da ke da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta daban, ta cikin jaka daban.

Nana Aisha (jami'a): Ina gaida iyayena. Ni akwai abin da ke damuna ba wanda ya taɓo shi. Kundin tsarin mulkinmu na 2010 ya haramta jam'iyyar ƙabila ko ta ɓangare ko ta addini, kuma ba a banza aka sa ba. In kowace jiha ta ce sai tata, Damagaram tata Tawa tata Doso tata, ina za mu? Kuma ko a cikin jihar nan wane ne "ɗan gida"? Akwai Barebari a Gure, Buzaye a Tanut da Belbeji, Tubawa da Larabawa a Tasker, Fulani ko'ina. Manyan ƴan takarar shugaban ƙasa ma biyu daga jihar nan suke kowa ya sani. Yaya Lawali lis ɗin su Kawu duk mutanen Mirya ne ko an gauraya? Sannan a 2019 doka ta ɗaga kason mata zuwa kashi 25 cikin 100 a kujerun zaɓe, matan da ke lis ɗin sunaye ne aka ara don cika sharaɗi ko mutane ne da za su yi magana?

Lawali Garin Malam: Nana ƙanwata tambayarki ta yi. A takarda jam'iyyar ta ƙasa ce, rajistarta a Yamai aka yi kamar kowa, ƙarfinta ne kawai bai wuce nan ba, kuma ban taɓa jin Kawu ya zagi wata jiha ko wata ƙabila ba, shi da ya yi shekara shida yana koyarwa cikin Buzaye kafin a dawo da shi Mirya. Wadda ke biye da shi a lis ungozoma ce daga wajen Gure, na gan ta a mitin ita ta fi kowa zafi ma, ta yi maganar matan da ake ɗaukowa a amalanke in naƙuda ta yi gardama. Amma gaskiya mutanen kudu sun fi yawa, na arewa kaɗan ne, Kawu ya ce sun nema ba su samu masu yarda ba don kowa na tsoron a ce ya bar babbar inuwa.

Nana Aisha (jami'a): To na ji daɗi da ka faɗi gaskiya. Amma wannan raunin ne fa, makiyayin Tasker shi ya fi kowa buƙatar majalisar jiha tunda rijiyarsa a hannunta take.

Mushe Iliya: Haka ne Nana. Bashir na dawo kan ambulan ɗinka. Ba zan ce ba a yi ba, ana yi, zaɓen shugaban majalisa a asirce ake jefa shi kuma kowa ya ji labarin konseyen da aka kwashe aka ɓoye a wani gida har ranar zaɓe don kar a saye su. Amma ka lura da abu ɗaya, ba ƴan ƙananan jam'iyyu kaɗai ake saye ba, manya ma ana ɓalle musu mutane. Kuma ku tuna waɗanda ke kan kujerun nan yanzu tun Janairun 2011 aka zaɓe su, wa'adin shekara biyar ne, aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara musu wata shida shida har suka kusa shekara goma. A cikin gidan nan mu sama da ɗari biyu, wa zai iya kawo sunan konseyen jiha uku ba tare da ya tambaya ba? To wanda ba a san sunansa ba ai sayensa ba wuya, ba mai tare shi a masallaci ya ce ya aka yi.

Bashir Magarya: Ni ɗaya na sani, shi ma don makwabcin surukina ne. Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina nan kan bakata a abu ɗaya, kawun Lawali ba shi ne shugaban jam'iyyar ba. In shugaban ya je Yamai ya yi ciniki ya bugo waya ya ce ku jefa wa wane, tsohon zai ƙi? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Lawali Garin Malam: Jama'a na fita waje na kira Kawu yanzu, yana Droum za su kwana can, na karanta masa tambayar Hajiya da ta Baba Mutari da ta Bashir. Ga abin da ya ce, ban ƙara ban rage ba. Hajiya ya ce a gaishe ki, ya ce ba shi da ikon kawo miki ruwan pampo kuma ba zai yi miki alkawarin abin da ba nasa ba, abin da zai iya shi ne duk zaman majalisa ya tayar da maganar a rubuta, kuma ya fito rediyo ya faɗi amsar da aka ba shi. Baba Mutari ya ce sun zauna su ƴan lis sun yarda ba za su ba kowa ƙuri'arsu ta shugaban majalisa ba sai wanda ya sa hannu kan abu uku, a riƙa liƙa kasafin jiha a bango ana karanta shi a rediyo da Hausa da sauran harsuna, a faɗi kuɗin man da suka shigo da waɗanda ba su shigo ba, sannan a fara da azuzuwan zana na kwalejojin ƙauye don shi ya san yadda yaro ke zama a ƙasa iska na kwashe littafinsa kuma da ruwan farko makaranta ta tashi. Na Bashir kuma ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, ka gaya wa ɗana ba zan rantse a kan zuciyar wani ba, shugabanmu mutum ne, amma ni hannuna nawa ne, in aka ce in jefa inda ba a sa hannu ba zan fito in faɗa wa jama'a in ajiye kujerar. Ya ce bijimi ya saida ba kansa ba.

Hajiya Rabi Zango: Allah sarki. To ka ce masa na ji, kuma shi ne na farko da ya ce mini ba zai iya ba. Ni da kishiyata da surukaina biyu za mu yi shawara.

Bashir Magarya: Amsar dattijo ce ban da abin cewa a kanta. Ni dai ba zan bar jam'iyyata ba Lawali kar in yi maka ƙarya, na daɗe a ciki kuma ina ganin aikin da aka yi a Magarya. Amma ka gaya wa yayanka maganar raba ƙuri'a ba ta kai ya yanke gaisuwa ba, tunda su Kawu ba su da ɗan takara ranar 27 me suka rage masa?

Mushe Iliya: Yawwa, kuma ran 13 ɗin ma ƙuri'a biyu ce, ɗaya ta majalisar gari ko kwamin ɗaya ta jiha. Mutum na iya ba wannan a nan ya ba wancan a can, ba laifi ba ne a doka. Mutane da yawa ba su san haka ba, a bayyana wa tsofaffi tun a gida don kar su rikice a rumfa.

Sanusi Kabu-kabu: Lawali abin da zai kada su ba mutane ba ne, wakilai ne. Ni na yi wakilin rumfa a 2016, tun asuba kake zaune har a ƙirga da fitila a ba ka takardar sakamako, manya na kawo wa nasu shinkafa da ruwan leda da kuɗin kati, ƙananan jam'iyyu kujerarsu wayam ba kowa. In ba ka da ido a rumfa ko an rage maka ba ka da takardar da za ka kai ƙara. Suna da mutane nawa?

Lawali Garin Malam: A cikin gari Kawu ya ce ko rabin rumfuna ba su rufe ba, ƙauyukan Mirya da Kance ne suke da dama saboda tsofaffin ɗalibansa.

Nana Aisha (jami'a): Ni ban yanke wa zan ba ba tukuna, sai na ji ungozomar nan da kunnena. Amma zaman rumfa don a ƙirga daidai zan iya, kuma ina da ƙawaye biyu a Karkada da za su yarda in an yi musu takardar wakilci da wuri. Yaya Lawali ka turo mini ranar da za ta yi magana a gari.

Malam Habu (admin): Maganar wakilci ku koma ta gefe don Allah kar ta zama kamfe a nan. Wanda bai karɓi katinsa na zaɓe ba, sabon nan mai hoto, ya je inda ya yi rajista ya duba tun kafin ranar.

Baba Mutari Birni: Lawali, yayanka ba shi ne mai shagon kayan babur kusa da kasuwar Dole ba? Na san mahaifinku, tare muka yi makarantar allo. Kar ka ce mishi komi kan siyasa, ka ce Baba Mutari na kiransa gobe bayan sallar asuba, kai ma ka zo. In kawunku ya dawo daga Droum ran Alhamis ni zan kai shi da kaina ya gaishe shi, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Ka gaya wa mahaifiyarku ta ci abincinta.

Lawali Garin Malam: To Baba, Allah ya ƙara girma, in sha Allahu muna tafe. Yanzu na shiga na faɗa wa Inna, ta ce a yi maka godiya, ta ce kuma in biya in ɗauko shi da babur don in an bar shi shi kaɗai zai ce shago ya riƙe shi.